Ina 'Ya'yanmu Mata A Cikin Littattafan Yara?

Laccar da aka gabatar a gaban malaman makaranta da iyayen yara a Maitumbi, Minna

  



Mas'alar da aka ɗora mini in yi magana a kanta, la'alla wani zai ga ba ta kai a tara dattawa dominta ba, musamman a zamanin da makarantunmu ke kukan rashin kujeru da alli, malamai kuma ke kukan albashi. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da yarinya 'yar shekara bakwai ranar da aka fara miƙa mata littafi mai hotuna, ya ga yadda take tsallake baƙaƙen rubutu ta nufi hoto, ta ɗora yatsa a kan fuskar da aka zana tana tambayar wace ce wannan, ya san cewa tun kafin yaro ya iya haɗa baƙi da wasali littafi ya riga ya fara gaya masa su wane ne mutanen da suka isa a ba da labarinsu.

Waɗanda suka fara ɗaga murya a kan wannan al'amari Amurkawa ne, domin baƙaƙen fatarsu ne abin ya fi yi wa ciwo. A 1965 wata malama mai suna Nancy Larrick ta bi littattafan yara 5,206 da aka buga a ƙasarsu tsakanin 1962 da 1964, ta tarar 349 kacal ne aka sa baƙin mutum a cikinsu, ko da ɗaya. A 1990 kuma Farfesa Rudine Sims Bishop ta bayyana cewa yaro yana buƙatar littafin da zai zame masa madubi, ya ga kansa a ciki, yana kuma buƙatar wanda zai zame masa taga, ya hango wasu. Bayan wannan da shekara 25, a 2015, wata yarinya 'yar shekara 10, Marley Dias, da ta gaji da karanta labaran yara maza farare da karnukansu, ta ƙudiri aniyar tara littattafai 1,000 waɗanda jarumarsu baƙar yarinya ce, ta kuwa tara fiye da haka.

Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, wannan ai ciwon Amurka ne, mu nan duk baƙaƙe ne, marubutanmu baƙaƙe, masu karatunmu baƙaƙe. Magana ce mai kama da gaskiya. Sai dai idan muka buɗe namu littattafan da idon basira, za mu tarar namu ciwon iri biyu ne: da farko yarinya ba ta ciki ƙwata-ƙwata, daga baya da ta shigo kuma sai ta shigo ita kaɗai, yarinya ɗaya mai kama ɗaya da buri ɗaya, aka ce ita ce wakiliyar dukkan 'ya'yanmu.

Mu fara da tarihi, tun da yake mu mutanen Jihar Neja muna da babban rabo a cikinsa. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi na John Tafida da East ya biyo baya. Biyu daga cikin waɗannan mazaje 'yan Kagara ne, shi kansa Shaihu Umar na cikin labari a Kagara aka ce an haife shi, don haka ba mu da abin yi sai alfahari. Amma ku duba jaruman: Alhaji Imam mai yawon duniya, Ganɗoki mai takobi, Umar da ya zama shaihi, dukkansu maza. A ganina, a cikin littattafan nan duka babu wanda ya yi jarumtakar da ta kai ta mahaifiyar Umar, macen da ta bar ƙasarta ta keta Sahara ita kaɗai tana cigiyar ɗanta har ta faɗa hannun masu bautar da mutane. Amma duk da haka littafin ba nata ba ne, a gefen labarin ɗanta muke hango ta. Haka nan Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, wanda har gobe ba a yi kamarsa ba wajen daɗin harshe, domin Musa ɗan sarki aku yake zuba hikayoyinsa.

Ba na faɗin wannan don in aibanta magabata, Allah ya jiƙansu, domin adalci shi ne a auna mutum da mudun zamaninsa. Makarantun 'yan mata na gwamnati a Kano da Katsina sai a 1930 aka buɗe su, masu karatun boko a lokacin kusan duk samari ne, marubuci kuwa wanda ke gabansa yake yi wa rubutu. Abin da ba shi da uzuri shi ne a ce bayan shekara 90, bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, bayan ajujuwanmu sun cika da 'yan mata, a buɗe littafin koyon karatu a ga har yanzu Audu ne ke buga ƙwallo da gyaran keke da tambayar malam, Binta kuwa tana bayansa da tsintsiya.

Abin mamaki, kakanninmu mata da ba su riƙe alƙalami ba sun fi littattafanmu adalci a wannan babi. Tatsuniya fagen mata ce, su ke yin ta da dare, kuma a cikinta yarinya ce sau da yawa ke riƙe da labari: 'yar bora da aka aika rafi mai nisa, ta gamu da abubuwan ban tsoro ta gaishe su cikin ladabi, ta cuɗa wa tsohuwa baya ba tare da ƙyama ba, ta komo da arziki, ko yarinyar tatsuniyar Daskin-da-Riɗi wadda aka raina saboda munin suturarta, alhali ita kaɗai ta san abin da sauran 'yan mata suka kasa sani. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan tun 1911, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya shirya wa makarantu Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, aikin da ya cancanci addu'a. Illa dai ita ma tatsuniya tana da iyakarta, domin kusan ko da yaushe ladan yarinyar kirki shi ne ɗan sarki ya aure ta, daga nan labari ya ƙare, kamar dai rayuwar mace ba ta da wani babi bayan an kai ta ɗaki.

Da mata suka kama alƙalamin boko, al'amari ya sauya. Hafsatu Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, ta sa yarinya Bafulatana, Boɗaɗo, a tsakiyar labari tana da ra'ayin kanta. Zaynab Alkali ta biyo baya da Turanci a 1984. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwan 'yan'uwansu suka cika kasuwa da littattafai, har matan aure da dama suka koyi karatun boko ba don komai ba sai don su karanta su. Wannan alheri ne babba, wanda ya musanta shi bai yi gaskiya ba. Amma littattafan manya ne, ba na yara ba, kuma da yake ba a tanadar wa 'yar shekara tara nata ba, na yayarta take ɗauka a ɓoye, ko a yau ta karanta a wayar mahaifiyarta.

To, me take tararwa a ciki? Ku da kuka karanta littattafan soyayya kun san siffar jarumar tun kafin marubuci ya gama zayyana ta: fara sol, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, sau da yawa a ce kakarta Balarabiya ce ko 'yar wata ƙasa mai nisa, domin a kafa hujjar farin. Idan aka zo kan baƙa, gajera, mai faɗin hanci da gashi mai tauri, wato siffar mafi yawan 'ya'yan da muka haifa, sai a ba ta matsayin 'yar aiki, ko muguwar kishiya, ko ƙawar da ake yi wa dariya. Ba duka marubuta ke haka ba, amma masu yi sun isa su zama al'ada. Yarinyar da ta sha wannan karatu shekara da shekaru, ta haɗa da finafinan Indiya da hotunan waya, ba ta buƙatar kowa ya ce mata launinta aibi ne. Da kanta za ta yanke hukuncin, ranar da ta fara riƙe kuɗi kuma mai sayar da man bilicin ne zai fara cin su. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa yara baƙaƙe a Amurka 'yar tsana fara da baƙa, suka tambaye su wacce ce kyakkyawa, mafi yawansu suka nuna farar. Ina jin tsoron abin da za mu gani idan aka maimaita wannan gwaji a ajin firamare a garin nan.

Wannan kuwa, ya ku malamaina, kun fi ni sanin cewa ya saɓa wa abin da muke karantarwa a makarantun Islamiyya. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa saɓanin harsuna da launukan mutane a cikin ayoyinsa, tare da halittar sammai da ƙasa. Abin da Mahalicci ya kira aya, ba ya halatta ga marubuci ya mayar da shi abin kunya. Ummu Aiman, wadda ta yi renon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya girmama ta matuƙar girmamawa har ƙarshen rayuwarsa, Bahabashiya ce. Yara nawa ne a Islamiyyunmu aka taɓa gaya wa haka a fili, har baƙar yarinyar da ke zaune a sahun baya ta ɗaga kai?

Launi ɓangare ɗaya ne. Ku shiga kowace makarantar gwamnati a nan Maitumbi ku kira sunaye: ga 'yar Gbagyi, waɗanda su ne masu masaukinmu a ƙasar Minna, ga Banufiya, ga Bahaushiya, ga Bafulatana, ga Bakambariya, ga Bayarabiya da 'yar Ibo waɗanda kakanninsu jirgin ƙasa ya kawo, ga Musulma ga Kirista a benci ɗaya, ga kuma wadda ba ta daɗe da zuwa ba, wadda 'yan bindiga suka koro iyayenta daga ƙauyukan Shiroro ko Munya. A cikin waɗannan duka, wacce ce littafin da ke hannunsu ya sani? Kowace safiya muna ganin matan Gbagyi suna shigowa gari da kaya, doya ko itace, a cikin babbar ƙwarya da suka ɗora a kafaɗa, hannu ɗaya yana tallafe da ita, wuya a karkace kaɗan, suna tafiya da sauri ba sa tuntuɓe, domin a al'adarsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. 'Yar wannan mata tana zaune a aji. Ba ta taɓa ganin an zana uwarta a littafi ba. Inda kawai take jin an ambaci mutanenta da Hausa shi ne a labaran ban dariya, inda ake kwaikwayon maganarsu ana mai da su wawaye. Mu Hausawa muna kiran wannan wasa, amma ya kamata mu tambayi yarinyar ko ita ma haka ta ɗauke shi.

Alhali kuwa a aljihun kowannenmu akwai hoton 'yar Gbagyi. Ku juya takardar naira 20, za ku ga mace ta sunkuya a kan tukunya: Ladi Kwali ke nan, wadda aka haifa wajen 1925 a ƙauyen Kwali, ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama a hannun 'yar'uwar iyayenta, ba da injin juyi ba, a'a, da tafin hannu, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe tana kewaya tukunyar, sa'an nan ta zana mata ƙadangare da kunama da kifi da kada. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, a nan Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a cikinta, daga nan ta je Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a nan Minna a 1984. Yaranmu suna miƙa hotonta ga mai rake kullum, amma ku tambaye su sunanta ku ji. Ashe wannan ba labarin da za a zana wa 'yan aji biyu ba ne, da Gbagyi da Hausa, shafi na fuskantar shafi?

Haka Hajiya Gambo Sawaba, wadda mahaifiyarta Banufiya ce, da ta shiga jam'iyyar NEPU tana matashiya, ta sha ɗauri fiye da sau goma a kan neman 'yancin talaka da ƙuri'ar matan Arewa, ƙuri'ar da ba ta tabbata ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970. Haka uwarmu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi talifi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis ta ɗora musu malfa, suna jagorantar 'yan taru, tsofaffi da ƙananan 'yan mata, daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su karantar. Ku lura da hikimarta: ta san yarinyar ƙauye ba za ta riƙe karatu ba sai ya zo mata da harshenta, daga bakin mace irinta, har ta tsara musu waƙa a kan salihan mata na tarihi domin su san an yi irinsu. Mahaifinta kuwa, Mujaddadi, a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Saboda haka wanda ya ce wannan kira baƙon abu ne da aka ɗauko daga Turai, bai karanta tarihin gidansu ba.

Sai dai ina gargaɗi da abu guda, kada mu gudu daga wani kuskure mu faɗa wani. Idan duk littafin da muka rubuta a kan yarinya ya zama na sarauniya ne, Amina ta Zazzau ko Daurama, ko na wata shahararriya, to mun gaya wa yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin tasha cewa sai ta zama abin al'ajabi kafin ta cancanci shafi guda. Kuma akwai wasu 'yan littattafai da ƙungiyoyin agaji ke rabawa, da kyakkyawar niyya, waɗanda ba su san yarinyar Arewa ba sai tana kuka: an cire ta daga makaranta, an yi mata auren dole, ta zauna tana jiran mai ceto. Waɗannan musibu gaskiya ne, wajibi ne a yi magana a kansu, amma yarinya ba musiba ba ce. Ina son in ga littafin da mai tallan nan ita ce ta fi kowa lissafi a aji saboda canjin da take bayarwa. Wanda gurguwa ce ke shirya wa ƙawayenta dabara. Wanda zabiya take da suna da ƙawaye da rigima irin ta yara, ba a kawo ta don a ji tausayinta ba. Wanda 'yar gudun hijira ke koya wa 'yan birni sunayen itatuwa. Wanda yarinya ke yin ƙiriniya, ta ɓata, ta yi kuskure, ta gyara da kanta. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a garin nan a 1921, ya sa makahon yaro mai kiɗa ya zama jarumin littafinsa tun 1960, yara masu ido kuma suka karanta suka ƙaunace shi. Abin da aka yi wa makaho namiji, me zai hana a yi wa kurma mace?

Kada kuma iyayen yara maza su ɗauka wannan ba ruwansu. Yaron da tun yana aji ɗaya bai taɓa bin labarin da yarinya ce mai hankalin cikinsa ba, bai taɓa jin tsoro dominta ko murna da nasararta ba, shi ne gobe zai zama miji, ko alƙali, ko shugaban ma'aikata, a kawo masa ƙarar mace ya rasa inda zai ajiye ta a zuciyarsa.

Saura tambayar wa zai rubuta. Minna ba ta da uzurin rashin marubuta: garin da ya haifi Ekwensi da Ben Okri, jihar da ta ba Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya shugaba, marigayi Abubakar Gimba, garin da B. M. Dzukogi ya kafa cibiyar Hill-Top inda 'yan sakandare, mata da maza, ke wallafa littattafansu tun ba su gama makaranta ba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa mata masu alƙalami ba su ƙidayuwa. Abin da ya rage shi ne manyan marubutanmu su daina ganin rubuta wa yara kamar ƙasƙanci ne, alhali shi ne mafi wuyar rubutu, domin yaro ba ya yi wa marubuci kara. In labari bai yi daɗi ba, ajiyewa yake ya tafi wasa.

Na san buga littafi mai launi yana da tsada, takarda ta yi wuta, masu ɗab'i kuma sun fi son littafin jarrabawa da ke da tabbacin kasuwa. Amma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yarda a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, kuma malamar aji ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta aiki ɗalibanta su karɓo labari daga kakanninsu, kowace da harshenta, a rubuta a kan kwali da boko ko da ajami, a ɗinke da zare, a ajiye a kusurwar aji, aji na gaba ya gada. Makarantun unguwar nan in suka haɗa kai, a shekara guda za su tara abin da za su kai wa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha su ce ga shi, a zaɓa a buga.

Roƙona na musamman ga matasanmu masu zane ne, waɗanda yanzu da yawansu a kwamfuta suke aiki, suna ɗauko fuskokin da aka riga aka zana a wasu ƙasashe su ɗaura musu ɗankwali. Ku fito ku zauna a ƙofar makaranta lokacin tashi da takarda da fensir, da izinin malamai da iyaye, ku dubi yaran nan da kyau: kitson shuku da na zane, hijabin da ya yi wa mai shi yawa, wushirya, tabon faɗuwa a gwiwa, da launukan fata tun daga wankan tarwaɗa har zuwa baƙi mai sheƙi. Ku koyi haɗa waɗannan launuka kamar yadda kuka koyi haɗa sauran, kuma idan mai ɗab'i ya ce ku ɗan haska fuskar jarumar don littafi ya fi sayuwa, ku ce masa a'a.